Karatun Da Ake Rainawa A Bakin Kogin Yobe

A kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka ba guraben karatu, akan sami gidaje a Jajimaji da Bukarti da Nguru da Gashuwa inda murna takan zo a gauraye da ɓacin rai. Yaro ya nemi karatun lauya ko na akanta, ya zauna jarrabawar Hukumar JAMB, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta tura shi sashen da ake kira soshiyoloji, watau ilmin nazarin zaman jama'a. Uban yakan yi tambaya guda ɗaya, kuma tambayar tana bisa hanya: in ka gama, me za a riƙa kiranka? Wanda ya karanta shari'a lauya ne, wanda ya karanta magani likita ne, amma wannan fanni ba shi da suna a kasuwa. Sau da yawa yaron ba ya iya ba da amsa, domin shi ma a takardar ya fara ganin kalmar. Sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Damaturu ko Maiduguri ko Kano, ko kuwa ya tsaya Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa cikin 2013, yana jin kamar ragowar tuwo aka miƙa masa.

To, amsar tambayar uban nan ba ta da nisa da ƙofar gidansa. Tana cikin tarihin ruwan da ƙasar Karasuwa da ta Bade da ta Nguru suke rayuwa a kansa. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi. In suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai su rarrabu rassa rassa a tsakanin tuddan rairayi, su malale fadamu, kana su sake tattaruwa kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda yake bi ta Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. A ƙasar da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, wannan ambaliya ta shekara shekara ita ce rumbun jama'a.

Abin lura shi ne, fadama guda takan zama tana da masu ita har huɗu ko biyar, kowa da lokacinsa. Manomi ya shuka shinkafa da ruwan farko kafin kogi ya kawo. Ruwa ya cika, masunci ya shiga da taru da koma, matansa su yi banda a kai kasuwa. Ruwa ya janye, wani ya bi laima ya shuka wake ko kayan lambu. An yi girbi, Bafillace ya sauko daga tudu da shanunsa, su ci abin da ya rage su bar taki. Mata da yara kuma su shiga neman itace da kaba da ganyen miya. Babu ofishin da aka rubuta wannan tsari aka ajiye. Bulama da lawani da sarkin ruwa da arɗo su ne suka riƙe shi a ka, su suka san wane ne ke da wane kududdufi, da ranar da ya halatta shanu su shiga wane fage. Baƙon da ya zo da taswira ba zai ga kome ba sai fili da ciyawa.

Cikin 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba wanda zai ce niyyar ba mai kyau ba ce. An fito daga mummunan farin 1972 zuwa 1974, birnin Kano yana bukatar ruwan sha, ana kuma son a yi noman rani na zamani a Kadawa da Kura. Injiniyoyi sun auna zurfin kogi, sun auna ƙarfin dutse, sun lissafa buhunan alkamar da za a samu. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne mutanen da ke zaune ɗaruruwan kilomitoci can gangare, waɗanda shinkafarsu da kifinsu da shanunsu suka rataya a kan ruwan da aka tare. Ambaliyar da a shekarun 1960 takan rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,000 ko fiye, sai ta koma ƙasa da rabin haka a yawancin shekarun 1980, farin 1983 da 1984 kuma ya ƙara wa Barno dawaki. Cikin 1992 aka ƙara madatsar Challawa.

Ɓarnar ta zo ta fuska biyu, ta biyun kuwa ba a yi tsammaninta ba. Da can kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan madatsun sai ya zama ana sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, ga shi ba ya isa ya yi ambaliya mai amfani, ga shi ba ya barin ƙasa ta bushe. Irin wannan zama shi ciyawar kacalla take so. Ta tsiro ta toshe rassan kogi, yashi ya taru a gindinta, ruwan da ya kamata ya wuce Gashuwa ya karkata ya bi mashigin Marma ya tare a Tafkin Nguru da kewayensa. Ta haka aka wayi gari waɗansu ƙauyuka ruwa ya cinye gonakinsu ba ya janyewa, waɗansu kuwa tsohuwar hanyar kogin da ke gabansu ta bushe ƙurmus. Tsuntsayen jan-baki suka sami masauki a cikin kacallar, daga nan suke tashi su afka wa gero da dawa da shinkafa. Duk wanda ya girma a wannan yanki ya san wannan labari ba sai an karanta masa ba.

Amma fa sanin abu a zuci daban, iya ajiye shi a gaban hukuma ta yadda ba za a musa ba daban. Manomin Wachakal ya san gonarsa ta lalace, sai dai kukansa ba ya wuce zauren dagaci. Waɗanda suka fitar da maganar ta kai kunnen masu mulki su ne masu binciken da suka zauna da jama'a suka yi tambaya suka rubuta. A ƙarshen shekarun 1970 wata malamar ilmin zaman jama'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Tina Wallace, ta yi nazarin aikin noman rani na Kogin Kano, ta nuna cewa ko a can inda ruwan yake, ƙaramin manomi bai ci moriyar da aka yi masa alkawari ba. Kuɗin tarakta da na taki da na ruwa da na 'yan ƙodago sun fi ƙarfinsa, saboda haka da yawa suka ba da gonakinsu haya ga masu hali. Ba a saurari irin wannan gargaɗi da wuri ba. Cikin watan Afrilu na 1980, a Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki saboda wata madatsar suka tare hanya suna neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, cikin 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye su, da hannun ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. Da farko tsuntsayen da ke zuwa daga Turai cin rani a Dagona da Tafkin Nguru su ne suka jawo hankalin Turawan, amma ba a daɗe ba suka gane cewa ba a iya tsare tsuntsu a bar mutum. Aka shiga ƙauyuka ana ƙidayar abin da gida yake samu daga fadama. Cikin 1991 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka fitar da lissafin da ya nuna cewa, in aka auna da yawan ruwan da kowanne yake sha, amfanin da ake samu a fadamun nan ya ninka na aikin Kogin Kano fiye da sau ɗari. Noma da su da itace kaɗai suka lissafa, ba su ma sa kiwo ba, balle ruwan da ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi. Cikin 1993 aka tattara binciken a littafi guda, Dokta Muhtari Aminu-Kano yana cikin waɗanda suka shirya shi. Tun daga nan duk mai magana da yawun mutanen gangare ya sami abin riƙewa a hannu. Taron da aka yi a Damaturu cikin 2006, inda jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Barno suka amince da kafa asusun kula da kogunan nan tare, a kan irin wannan aiki ya tsaya.

Mai karatu zai iya cewa, ai waɗannan mutane ba dukansu ne suka karanta soshiyoloji ba, akwai masanin tattalin arziki, akwai masanan labarin ƙasa. Gaskiya ne. Sai dai hanyar da suka bi suka samo abin da injiniya bai gani ba, ita ce hanyar da aka gina wannan fanni a kanta, kuma ita ake koya wa ɗalibinsa tun daga shekarar farko har ta huɗu. Ana koya masa yadda zai zaɓi gidajen da zai tambaya don kada ya ji ta bakin masu hali kaɗai ya ɗauka ya ji ta gari. Ana koya masa tsara tambaya ta yadda ba za ta sa wa mutum amsa a baki ba. Ana koya masa ƙididdiga, da karanta sakamakon ƙidayar jama'a, da rarrabe abin da mutum ya ce yana yi da abin da aka ga yana yi. Fiye da kome, ana saba masa da tambayoyin da ba a son ji a wurin bikin buɗe aiki: wa ya samu, wa ya rasa, wa aka tambaya, wa aka manta. Sauran darussan, na zaman karkara da na iyali da na laifuffuka da na lafiya da na ƙaura, duk rassa ne na wannan gindi.

Misalin abin da haƙuri a kan wannan hanya yake haifarwa yana nan kusa, a Dagaceri, wani ƙauyen Mangawa na ƙasar Birniwa wanda ba shi da nisa da Nguru. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya riƙa komawa wannan ƙauye daga 1974 har 1986, gida gida, shekara bayan shekara, ya ratsa fari biyu tare da su. A lokacin, abin da manyan ofisoshin Turai suke faɗi shi ne hamada tana tahowa, talakan Sahel kuma shi ne yake jawo ta da gatarinsa da akuyarsa. Mortimore ya tarar da mutane masu dabara, waɗanda suke ajiye irin gero iri iri, suna barin itatuwa masu amfani a gona, in hatsi ya ƙi su koma saƙar kaba da igiya, su sayar da ɗan akuya, samari su tafi cin rani har Ikko su aiko da abin sayen dawa. Littafinsa na 1989 ya taimaka ƙwarai wajen sauya yadda duniya take kallon manomin busasshiyar ƙasa. Babu na'urar da ya yi amfani da ita wadda ta fi ƙarfin ɗalibin Gashuwa. Littafin rubutu ne da alƙalami, da komawa wuri guda sau goma sha uku.

Wani abin da ya faru a fadamun nan ya fi nuna inda idon masanin zaman jama'a yake da rana. Cikin 1987 Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi, ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur kuma suka yawaita. A takarda wannan ci gaba ne, kuma lalle waɗansu sun sami kuɗi. Amma injin ya rushe kalandar da aka ambata a baya. Filin da a da yake zama a sake bayan girbi, yanzu yana da shuka har bazara. Masu kuɗi da masu hanya a hukuma suka share dazuzzukan fadama suka kafa manyan gonaki, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta riga ta mayar da ikon ƙasa hannun gwamna, ba ta san da haƙƙin mai zuwa wata uku ya tafi ba. Makiyayi ya sauko kamar yadda kakansa yake saukowa, ya tarar da alkama a kan burtali, ya tarar da tumatir a bakin mashaya. Aka yi ta faɗa, aka zubar da jini, mutane suka ce ƙabilanci ne, alhali kuwa Bafillacen nan da Babaden nan sun shekara ɗari suna musayar nono da hatsi. Shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa daga 1993 ya raba injuna da rijiyoyin burtsatse ga manoma, bai waiwayi sauran masu fadama ba. Sai a kashi na biyu, daga 2004, aka shar'anta cewa ƙungiyar kowace fadama ta ƙunshi makiyaya da masunta da mata da mafarauta, a kuma tanadi hanyar sulhu. An ɗauki shekara goma kafin a koyi abin da ɗalibin aji uku zai iya faɗi bayan mako biyu a ƙauye.

Akwai iyayen da damuwarsu ba ta aiki ba ce, ta aƙida ce. Sun ji an ce a wannan sashe ake karanta Karl Marx da ire-irensa, suna tsoron yaro ya dawo yana jayayya da abin da aka haife shi a ciki. Hakika ana karanta su, kamar yadda ake karanta Auguste Comte, Bafaranshen da ya ƙirƙiro sunan fannin cikin 1838, da Emile Durkheim da Max Weber. Karanta ra'ayin mutum kuwa ba mubaya'a ba ce. Kuma tun kafin a haifi kakannin waɗannan, Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis cikin 1332 ya rasu a Alƙahira cikin 1406, alƙalin mazhabar Malikiyya, ya rubuta Muƙaddima cikin 1377, inda ya ce ya buɗe wani sabon ilmi na nazarin zaman ɗan Adam. Ya yi bayanin yadda haɗin kan dangi yake kafa daula, da yadda jin daɗin birni yake kassara ta, da yadda haraji mai nauyi yake kashe kasuwa har baitulmali ya rasa abin karɓa. Ya soki marubutan tarihi masu karɓar labari ba tare da sun gwada shi da yadda al'umma take tafiya ba. Bai kuma jahilci wannan yanki ba, domin a tarihinsa ya kawo labarin raƙumin dawa da Sarkin Kanem da Barno ya aika wa Sarkin Tunis kyauta cikin 1257. A Arewa ma fannin ba baƙo ba ne. Marigayi Dokta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, wanda ya shugabanci sashen a Zariya, a kan malamai da 'yan ɗariƙa da attajiran Kano ya rubuta kundin digirinsa na Kambirij cikin 1975.

Ta fuskar lafiya ma haka abin yake. Cikin 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohin Arewa, ba a koma ba a Kano sai Yuli 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Masu shirin suka ce jahilci ne. Maryam Yahya da Elisha Renne, waɗanda suka zauna da iyaye suka saurare su, sun tarar da tambaya mai ma'ana a ƙarƙashin jita-jitar: don me ake bin mutum har ɗaka da maganin cutar da bai cika gani ba, kyauta, alhali in ɗansa yana fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai ya saya, in ma akwai? Ga kuma tabon gwajin maganin Pfizer na 1996 a Kano bai warke ba. Sa'ad da aka fahimci haka, aka haɗa allurar da sabulu da gidan sauro da sauran magunguna, aka sa sarakuna da malamai a gaba, sai ƙofofi suka buɗe, har aka tabbatar da kawar da cutar cikin Agusta 2020. Wannan darasi ya shafi Gashuwa kai tsaye. Likitoci sun daɗe da lura cewa masu ciwon ƙoda da yawa da ake kaiwa asibitin koyarwa na Maiduguri daga ƙasar Bade da maƙwabtanta suke fitowa, masana kimiyya kuma suna ta auna ruwa da jini. Ɗakin gwaji zai faɗi abin da ke cikin kwalba. Amma wace rijiya gida yake sha da rani, wace kuma da damina, awa nawa ɗan ƙodago yake yi a rana ba ruwa, wane ƙwayar magani yake saya a kemis in jiki ya yi tsami, wane jiƙo ake ba shi kafin a kai shi asibiti, gona nawa aka sayar don wankin ƙoda, waɗannan sai wanda ya iya shiga gida ya yi tambaya a ba shi gaskiya.

To, komawa ga tambayar uban yaro, wadda ita ce ta abinci. Ba daidai ba ne a ruɗe shi. Babu kujerar da aka rubuta wa suna tana jiran mai wannan digiri, kuma akwai masu shi da yawa da suka gama bautar ƙasa suna zaune. Amma ƙofofin da yake iya ƙwanƙwasawa ba kaɗan ba ne: Hukumar Ƙidayar Jama'a, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ma'aikatun jin daɗin jama'a da na mata, da gidajen gyaran hali, da 'yan sanda, da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumomin agajin gaggawa, da koyarwa. Tun da rikicin Boko Haram ya raba mutane da gidajensu a Barno da Yobe, ƙungiyoyin agaji suke neman masu iya ƙidayar 'yan gudun hijira da tantance bukatunsu da bin sawun abin da aka raba. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki kafin a fara shi, masu ba da rance irin su Bankin Duniya kuma ba sa sakin kuɗi sai an nuna musu wanda aikin zai tasa da yadda za a biya shi. Shirin farfaɗo da busassun ƙasashe na dala miliyan 700 da bankin ya amince da shi cikin Disamba 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja yana da irin waɗannan gurabe. Wannan ma ba sabon abu ba ne a yankin, domin shirin raya busasshen yankin Arewa maso Gabas da aka kafa a Garin Alƙali kusa da Gashuwa cikin 1990, da tallafin Tarayyar Turai, da ma'aikatan da ke zama da mutanen ƙauye ya yi aikinsa. Abin takaici shi ne sau da yawa daga nesa ake ɗauko masu cike gurabun, su zo da tafinta.

Laifin wannan kuwa ba na masu ɗauka kaɗai ba ne. Digirin da aka samu ta hanyar haddace takardun malami a daren jarrabawa, aka kwafo kundin kammalawa daga intanet aka sauya sunan gari, ba ya amfanar kowa, kuma masu ɗaukar aiki sun iya gane shi cikin minti biyar. Ɗalibin da ya guje wa darasin ƙididdiga don yana tsoron lissafi ya jefar da rabin abin da ya je nema. Wanda ya gama bai taɓa kwana a ƙauye da littafin rubutu ba, bai iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta ba, bai iya rubuta rahoto mai shafi biyar da hakimi zai fahimta kwamishina kuma ya kasa ture shi ba, to, sunan fannin kawai ya ɗauko. Sassan da ke Gashuwa da Damaturu suna da abin da Ibadan da Legas ba su da shi, watau fagen bincike a bayan katangarsu, kuma kuɗin motar zuwa Jajimaji bai kai na buga kundin da aka kwafo ba.

Ɗan ƙasa yana da fifikon da Baturen bincike bai taɓa samu ba. Yana jin Manganci ko Badanci ko Fillanci ban da Hausa, ya san gaisuwar da ake yi wa lawani, 'yar ƙasa kuma tana shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, ta ji abin da matan aure suke samu daga daddawa da ƙuli-ƙuli da saƙar tabarma, wanda ba ya fitowa a bakin maigida. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kusancin nan yana da nasa haɗari, domin ɗan manomi yakan zo da hukuncinsa a kan makiyayi tun daga gida, ɗan sarauta kuma ba ya son ya rubuta abin da zai ɓata wa fada rai. Horon jami'a, in an yi shi da gaske, shi ne yake tilasta masa ya je rugar da bai taɓa shiga ba, ya rubuta abin da aka faɗa masa yadda aka faɗa, ko da ya saɓa wa abin da ake faɗi a zauren ubansa.

Lokacin da za a bukaci irin waɗannan mutane ba mai nisa ba ne. Kogin Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu ba a tare shi da babbar madatsa ba, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam daga gare shi yake zuwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar gina madatsar Kafin Zaki a kansa a Jihar Bauchi. An fara aikin an tsaya, an sake tayar da shi an sake tsayawa, mutanen Bauchi suna nema domin su ma suna da manoman da ke bukatar ruwan rani, mutanen Yobe da Barno suna ƙi. Duk ranar da maganar ta sake tashi, za a zauna a teburi a Abuja, masu son aikin za su zo da zanen injiniya da lissafin hekta da na tan. Za a juyo ga wakilan Yobe a tambaye su gida nawa ne suke ci daga ambaliya a Karasuwa da Bade da Jakusko da Bursari, shanu nawa suke sauka fadama da rani, kwandon banda nawa yake fita daga kasuwar Gashuwa a mako, rijiya nawa za ta ƙafe. Alƙaluman da aka fi dogara da su a kan waɗannan fadamu na farkon shekarun 1990 ne, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya kuwa ta 2006 ce, wadda ta ba Ƙaramar Hukumar Karasuwa mutum dubu ɗari da 'yan kai. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar sun riga sun kai shekarun shiga jami'a.